Kwalin Haladu Mai Gidan Gem

To jama'a, ku gyara zama, yau ba hirar tsadar taki na kawo muku ba. Malam Ilu, rage muryar rediyon nan. Mudi, kai ma kife wayarka, ƙwallon ba guduwa za ta yi ba. Wata shari'a ce ta tsaya mini a wuya, na kasa haɗiyewa na kasa tofarwa, nake so ku taya ni yanke ta kafin a kira Magariba. Ba tatsuniya ba ce, ni Sallau tela a gaban idona aka yi kusan komai, wanda ban gani ba kuma daga bakin masu shi na ji.

A ƙarƙashin gadona yanzu haka akwai wani kwalin sabulu ɗaure da igiya. Cikinsa tsohuwar na'urar gem ce, da faifai biyu, da abin nan da ake riƙewa ana dannawa, wanda yara ke kira hannun gem, ya sha dannawa har rubutun jikinsa ya goge. In ka kai kwalin nan kasuwa, ko mudun gero ba za a ba ka ba. Amma mutum uku ke jiran sa, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ubansu ni ya bar wa amanar in miƙa shi ga ɗaya daga cikinsu. Ga wata daminar tana shirin wucewa ban miƙa ba.

Waɗanda suka daɗe a Funtua a cikinku sun san Haladu mai gidan gem na bayan tasha, Allah ya jiƙansa. Bango ɗaya ya raba shagon ɗinkina da nasa, tun muna da baƙin gashi har muka yi furfura. Sana'arsa ba ta da wani sirri. Talbijin ne a jere, kowanne da na'urarsa, yara biyu su zo su biya, su buga ƙwallo ko dambe na ɗan lokaci, wanda aka ci ya tashi yana ƙunƙuni, wasu su zauna. Ribar tana cikin tashin nan ne. Muddin kujera na sauya mai zama, tukunyar gidan Haladu na tafasa.

Wata shekara ya gangara Legas ya saro kayan gwanjo, irin waɗanda ake kwasowa daga Japan a kwantena, a saya a dunƙule ba tare da an buɗe ba. A cikin wata na'ura ya tarar da faifan da mai ita ya manta. Ya kunna, sai ga wani irin wasa da ba mu taɓa gani ba. Ba ƙwallo, ba dambe, ba tseren mota. Wata 'yar yarinya ce da fitila a hannu, tana tafiya ƙauye zuwa ƙauye, duk wanda ta tarar sai ta tsaya su yi magana, maganar kuma a rubuce take fitowa, da rubutun Japan mai kama da sawun kaji. Ko faɗa aka zo yi, sai an bi layi: ka buga, ka tsaya a buge ka, kamar masu dara. Yara suka taɓa suka ajiye. Wani ya ce, “Baba Haladu, wannan ai makaranta ce, ba gem ba.”

Haladu kuwa abin ya shige shi. Ko harafi ɗaya bai iya karantawa ba, amma yana kallon fuskoki, yana sauraron kiɗa, sai ya riƙa ɗinka labarin da kansa. Ya raɗa wa yarinyar suna Lantana. Ya ce mahara ne suka sace yayanta Jatau, shi take nema. In ta tsaya gaban wani tsoho rubutu ya cika talbijin, Haladu zai maƙe murya ya ce, “Yarinya, yayanki ya bi ta nan, amma sai kin ɗebo mini ruwa zan nuna miki hanya.” In daga baya wasan ya kai ta rijiya, sai ya waiwayo ya ce, “Ban faɗa muku ba?” In bai kai ta ba, sai ya ce dama tsohon maƙaryaci ne. Kafin ka ce me, kullum bayan La'asar shagon ya cika maƙil, yara a ƙasa, 'yan kamasho a benci, masu talla a bakin ƙofa.

Sai dai duk taron nan ba mai biyan ko sisi. Haladu ya ce ba a sayar da labari. Kuma talbijin ɗin da ya fi girma, wanda ya fi kawo ciniki, shi ya ware wa Lantana, a daidai lokacin da 'yan makaranta ke da 'yan canji a aljihu. Wasan ƙwallo nan da nan an tashi, tafiyar Lantana kuwa sai a kwashe watanni ba a kai ƙarshe ba. Na yi masa magana har na gaji. Na ce, “Haladu, yarinyar nan ba ta kawo komai sai shan man janareta.” Ya ce, “Tela, kai tsaya a wuyan riga, nan ne ka fi kauri.” Haka muka yi ta yi. Ni ma dai da an kai wurin daɗi, ƙafata kan tsaya a kan keke, kunnena a jikin bango.

Da faifan ya ƙare, ya bi 'yan gwanjo da naci har aka samo masa na biyu. A ƙarshen wannan ne Lantana ta isa bakin wani babban kogi. Can a ɗaya gaɓar ga wata fitila tana ci, ga inuwar mutum tsaye kusa da ita. Haladu ya miƙe ya ce, “Ga Jatau can!” Shago ya kaure da ihu. Sai talbijin ya yi baƙi, rubutu ya riƙa hawa sama, wasa ya ƙare. Faifai na uku kuwa, duk ɗan gwanjon da ke tsakanin Legas da Kwatano ya san Haladu da tambayarsa, ba wanda ya taɓa ganin ko kwalinsa. Sai ya koma farko da sababbin yara. Waɗancan su girma su tafi, wasu su zo, kowane rukuni a bakin kogin nan yake tsayawa. Su ce, “Baba, ta haye?” Ya ce, “Sai na uku ya zo.”

Zamani ya juya. Waya ta shiga hannun kowa, aka buɗe manyan gidajen kallo masu fanka da kujerun roba, cinikin Haladu ya yi ta tsukewa. Matarsa Baraka, wadda ƙosanta ya rufa wa gidan asiri shekaru da yawa, ta riga shi tafiya. Sannan ido ya fara ba shi matsala. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ganin zai riƙa raguwa a hankali, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ranar da ya dawo daga asibiti ya zauna a shagona, 'ya'yansa uku suna tsaye a kansa, Zailani da Kubura da Nazifi. Ya ce, “Tela, ba duhun nake tsoro ba. Yarinyar nan ce na bari tsaye a bakin ruwa.” Su ukun duk sun ji.

Bari in fara da Kubura, ta tsakiya. Tun tana ƙarama take laɓewa bayan kujerar ubanta tana kwaikwayon sawun kajin nan da gawayi a jikin bango. Da ta samu waya ta shiga koyon harshen gadan-gadan, tana karatun jinya tana haɗawa da shi. Ita ce ta fara gane cewa labarin Baba da abin da ke rubuce ko hanya ba su haɗa ba, ta kuma kama bakinta. Da aka zo neman ma'aikatan da za su kula da tsofaffi a Japan, ta ba da sunanta. Dangi suka yi caa a kanta: 'ya mace, ƙasar da ba ta san kowa ba, ga uba ba lafiya. Ta kafe. Haladu ya sa mata albarka ta tafi.

A can, ranakun aiki tana wanke iyayen wasu tana ba su abinci a baki, ranar hutu kuma tana yawon shagunan tsofaffin faifai da hoton Lantana a wayarta. Ta bi adireshin kamfanin da ya yi wasan, ta tarar ya zama wurin wankin kaya. Wani mai shago ya tura ta wurin matar da ta yi kiɗan wasan, matar ta tura ta wani ƙauye a kan dutse. Can ta tarar da mutumin da ya ƙirƙiro yarinya mai fitila, wani tsoho mai suna Teramoto, yana kan tsani yana tsinkar lemo.

Da ta ba shi labarin Funtua, ta nuna masa hoton shago cike da mutane, sai ya sauko ya zauna a ƙasa. Ya tambaye ta faifai nawa aka saya a garin. Ta ce kowanne guda ɗaya, shi ma na gwanjo. Ta ce tsohon ya yi dariya har hawaye suka zo masa, daga nan dariyar ta tsaya hawayen suka ci gaba. Ya ce abin da ya kashe kamfaninsa ke nan. Masu son irin wasansa suna son sa kamar rai, amma ba su da yawa, kuma mutum ko sau dubu ya so wasa, faifai ɗaya zai saya. Manyan kamfanoni sun ce za su zuba kuɗi in ya gajarta tafiyar, ya ƙara faɗa, ya sauya ƙarshen ya zama na murna. Ya ƙi, aka rufe ofis, na uku ya tsaya a rabi. Da labarin nan ya iso kunnena na ce ashe Haladu yana da ɗan'uwa a ƙarshen duniya, taurin kai iri ɗaya, aljihu iri ɗaya.

Kubura ta yi ta hawa dutsen nan, tana taya tsohon tsinkar lemo, tana ba shi labarin uban da ganinsa ke ƙarewa, har ya yarda zai ƙarasa in an samu abin biyan ma'aikata. Ya faɗa mata yadda ƙarshen yake, ta roƙe shi ya sassauta shi saboda Baba. Nan ne ya ce a'a, wannan kaɗai ya rage masa bai sayar ba. Duk wannan ya ci shekaru, kuma a cikin shekarun nan ganin Haladu ya kai inda ba ya bambance fuska.

Sai Zailani, babba. Shi ɗan kasuwa ne, yana sayar da kayan waya a Kano, kuma a duk gidan ba wanda ya tsani Lantana kamarsa. Shi aka fi korowa daga makaranta saboda kuɗin zango, yana dawowa ya tarar da uba yana ba 'yan kamasho labari kyauta. Ko sau ɗaya bai taɓa zama ya kalla ba. Amma da Kubura ta kira shi ta faɗa masa sharaɗin tsohon, sai kan kasuwancinsa ya motsa. Ya ce kuskuren Teramoto shi ne ya dafa abinci sannan ya fita neman mai ci. Kayan da masu sonsa kaɗan ne, masu son ake tarawa tukuna, kowa ya zuba nasa kamar adashe, sannan a ɗora tukunya.

Ya zo Funtua ya ɗauki bidiyon ubansa yana ba da labarin Lantana, Kubura ta sa fassara a ƙasa, ya watsa a intanet tare da kiran a zuba. Ashe ba Funtua kaɗai aka bari a bakin kogin nan ba. Wani daga Birazil, wasu daga Faransa, wasu daga Japan ɗin kanta, mutanen da kowannensu ya ɗauka shi kaɗai ne mahaukacin. Sannan ya bi tsofaffin yaran shago ɗaya bayan ɗaya, direbobi, sojoji, malaman makaranta, har da wani kansila. Ba ya roƙo, tsare mutum yake da ido ya ce, “Ka ci tuwon bawan Allah shekara da shekaru, yau ranar wanke kwano ce.” Mudi, daina sunkuyar da kai, na san har kai ya iske a tasha. Ni ma bai ƙyale ni ba, ya ce ya san da kunnena a bango.

Amma zubin yana da wa'adi: in rana ta cika kuɗi bai cika ba, a mayar wa kowa nasa, magana ta mutu. Rana ta matso, akwai sauran giɓi babba, kuma duk mai niyyar zubawa ya zuba. Takardun shagon bayan tasha suna hannun Zailani tun da ido ya gaza wa uban. Ya sayar da shi ga wani mai kemis, ya cike giɓin, sai bayan an gama ya je ya durƙusa ya faɗa wa uban. Haladu ya ce, “Bencina fa?” Bencin kuwa mai shayi ya riga ya kwashe. Tun daga ranar Haladu bai ƙara taka bayan tasha ba. Mutumin da ya saba da taro kullum La'asar ya koma zaman zaure shi kaɗai, kuma ni dai a idona daga nan jikinsa ya fara zubewa. Na yi fushi da Zailani, na daɗe ba na amsa gaisuwarsa da daɗin rai. Amma in za a faɗi gaskiya, ba don abin da ya yi ba, da babu na uku.

Na ƙarshe Nazifi, auta. Shi hannu Allah ya ba shi, tun yana ɗan firamare shi ke kwance na'urorin shago ya mayar. Ya daɗe yana neman aiki, sai ga shi an ɗauke shi gyaran injina a wani kamfani a Kaduna, aikin da ake rububi. Bai daɗe da farawa ba wasan ya fito. Ba a faifai ya zo ba, ta intanet aka sauke shi a kwamfuta. A lokacin Haladu ya kwanta, ciwon zuciya ya haɗu da na ido, haske kawai yake iya bambancewa da duhu. Ga wasa ya zo, ga mai jiran sa ba ido ba ƙarfin yatsa. Kuma ashe kogin ba ya hayuwa haka nan, duk na ukun neman jirgin fito ne, tafiyar makonni masu yawa ko ga wanda ya ƙware. Nazifi ya nemi hutu aka hana shi. Ya ajiye musu makullansu ya hau mota.

Ya san dabarar da ya yi ya haɗa tsohon hannun gem ɗin Baba da kwamfutar, don Haladu ya riƙa jin ƙarar dannin da ya saba. Ya shimfiɗa tabarma gefen gado. Kubura ta ce za ta riƙa fassara masa ta waya, ya ce a'a, labarin Baba yana da hanyarsa, in aka shigo da na Teramoto yanzu za a watsa masa tafiyar shekaru. Sai ya ɗauki salon uban: yana kallon fuska, yana jin kiɗa, yana ɗinkawa. Haladu na kwance yana gyara masa: “A'a, Lantana ba ta yi wa babba magana haka, sake.” In uban ya yi barci, Nazifi ya ci gaba da ƙananan faɗace-faɗacen da ke ƙara wa yarinyar ƙarfi, amma ba ya wuce ko taku ɗaya na labari sai uban ya farka.

Akwai wani dodon ruwa da ya tsare su kwana da kwanaki. A buge Lantana, a koma baya, a sake dawowa a buge ta. Babban yatsan Nazifi ya yi bororo ya fashe, ya naɗe da tsumma ya ci gaba, domin kowa na gani numfashin uban na ƙara gajarcewa. A wannan tsakanin aka kira Nazifi daga Kaduna aka ce an ba wani gurbinsa. Yau in kun bi ta bakin kasuwa, shi ne mai gyaran waya a ƙarƙashin lemar nan shuɗiya.

Ranar da za a haye, da hantsi ne, duk muna ɗakin. Kubura ta iso ana gobe. Uban ya shafa fuskarta da hannu ya ce ta rame, ita kuwa ta fita tsakar gida ta yi kukanta ta dawo. Zailani na tsaye a bakin ƙofa, karo na farko da ya tsaya kallon Lantana. Da jirgi ya zo gaɓa, Nazifi ya sa hannun gem a tafin uban, ya ɗora masa yatsa a inda ake dannawa, Haladu ya danna da kansa. Lantana ta haye.

Mu masu ido muka ga abin da ke can. Babu Jatau. Kabari ne, an kafa sanda an rataye tsohuwar riga a kai, ita ce inuwar da aka yi shekaru ana wa ihu, fitila kuma tana ci a gefen dutsen kabarin. Yarinyar ta durƙusa ita kaɗai.

Haladu ya ce, “Auta, na ji ka yi shiru.”

Nazifi ya ce, “Ga shi nan, Baba. Ya tsufa, har da gemu. Ya ajiye fitilar ya rungume ta, yana cewa me ya tsayar da ke haka.”

Haladu ya ce, “Kiɗan nan ai na rashi ne.”

Nazifi ya ce, “Kukan murna suke yi, Baba.”

Sai tsohon ya juya kai wajen da yake jin numfashin 'yarsa. Ya ce, “Kubura, ke da kika iya karatunsu, haka aka rubuta?”

Ta dubi rubutun, ta dubi ƙaninta, ta ce, “Baba, yau Nazifi ne mai ba da labari.”

Haladu ya yi murmushi. Ya daɗe yana shafa hannun gem ɗin, sannan ya ce, “Haka ne. Ni ma da haka zan faɗa.”

Da yamma ya sa aka kira ni. Ya ce, “Tela, kwalin can ka riƙe. Ka ba wanda ya haye da ni a cikinsu.” Na ce, “Wanne ke nan?” Ya ce, “Kai da kake da baki a kan komai, yau ka rasa?” Ya juya ya yi barci. Ban ƙara samun sa cikin hayyacinsa ba, kafin Juma'a ta zagayo muka kai shi makwancinsa. Har yau in La'asar ta yi na ji ƙarar firijin mai kemis ta bayan bangon nan, sai zuciyata ta karye.

Na ga Malam Ilu yana motsa baki, na san abin da zai ce: babu wasiyya ga magaji. An yi wannan maganar ranar rabon gado, su ukun kuma suka amince a gaban malami cewa kwalin nan ba sa so a yi masa kuɗi, ba sa so a raba, duk wanda na ba sauran sun yafe. Don haka wannan ƙofar a rufe take, Malam, nemi wata.

Wasan kuwa, in kuna son ji, bai yi kasuwa ba. Waɗanda suka zuba sun karɓi nasu suka yi ta yabo, bayan su kuwa masu saye ba su taka kara sun karya ba. Teramoto ya biya ma'aikatansa ya koma kan tsaninsa. Da ya ji rasuwar ya aiko da ta'aziyya ta bakin Kubura, ya ce bai san wanda ya riƙe wasansa ba kamar mutumin da bai taɓa karanta ko kalma ɗaya a cikinsa ba.

A cikin yaran nan ba wanda ya taɓa buɗe baki ya ce in ba shi. Sai dai in Kubura ta kira daga Japan, bayan gaisuwa sai ta ce, “Baba Sallau, ba dai ɗakin nan yana yoyo ba ko?” Zailani in ya zo gari sai ya zauna a bakin gadona, daidai saitin kwalin, ya yi ta hirar da ba ta da kai. Nazifi kuwa cewa ya yi in na yarda ya riƙa zuwa yana kunna na'urar jefi-jefi, wai don kada ta yi tsatsa. Na san abin da kowannensu ke nema, ba tsohon ƙarfe ba ne. So yake a ce masa abin da ya yi daidai ne.

Ga Kubura: ba don ita ba, da tsohon nan yana kan tsaninsa har ya mutu da rabin labari a ciki, amma ta tafi uban na ganin ta, ta dawo sai da hannu ya gane ta. Ga Zailani: ba don shi ba, da babu mai ɗora tukunyar, shi da bai taɓa son wasan ba, amma ya raba uban da shagonsa da taronsa ba tare da ya tambaye shi ba. Ga Nazifi: ba don shi ba, da wasan ya zo ya tarar ba mai kai shi gaɓa kafin numfashi ya ƙare, ya kuma rasa aikinsa a kai, amma ƙarshen da uban ya jira rabin rayuwarsa, ya ɓoye masa shi ya ba shi wani.

Ni na tsufa, ba na so in tafi in bar kwalin nan a ƙarƙashin gado yadda aka bar yarinyar nan a bakin ruwa. To, ku faɗa mini, a cikin su ukun, wane ne ya haye da Haladu?